Shaidar Kwalba da Amanar Likita

A ɗauka wata safiya ce ta watan Afrilu a Damagaram, rana ta fara dukan kwanon rufi tun kafin hantsi, likita yana zaune da takarda ɗaya a gabansa. Daga ɗakin awo takardar ta fito. A jikinta akwai lamba maimakon suna, a ƙarƙashin lambar kuma kalma guda ta Faransanci, positif, watau an ga alamar ƙwaya a fitsarin mai wannan lamba. Kalmar kanta tana da ban mamaki, domin a zancen yau da kullum alheri take nufi, har mai ɗan guntun Faransanci zai iya jin ta ya yi hamdala, alhali a wannan takarda ita ce mai iya raba magidanci da abincinsa. Mai lambar yana zaune a kan benci a waje. Direban tankar mai ne, ya shekara 12 a kan hanya bai taɓa kaɗe ko akuya ba. A wani ofishi kuma shugaban ma'aikata yana jiran amsa, saboda mota tana tsaye da kaya. Mene ne ya rataya a wuyan likitan nan tsakanin lokacin da ya karanta kalmar da lokacin da zai buɗe baki?

Da an yi wannan tambaya a Birni ko a Zango shekaru talatin da suka wuce, da an ce zancen Turai ne. Amma tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamba na 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut, matatar da aka gina domin tace ganga 20,000 ta ɗanyen man Agadem a kowace rana, manyan tankoki suka zama abokan hanyar jakuna da amalanke. Masana'antun mai da na sufuri kuwa, a ƙasashe da dama, sun saba auna fitsari da numfashin ma'aikatansu, kuma al'adar takan bi su inda suka sauka. A ɗaya gefen ga tramol, wanda babu mai zama a fada ko a tasha da zai ce bai san sunansa ba. Maganin ciwo ne na gaskiya, wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ya haɗa shi a 1962 ya fara sayar da shi a 1977. Likitoci kan ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, ba sa wuce 400 a yini. Wanda ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa an buga masa 120, ko 200, ko 225, har 250 a ƙwaya ɗaya, mafi yawansa daga Indiya, kuma ɗan kabu-kabu da lebura da manomi suna haɗiyarsa domin jiki ya daina kawo ƙara. Idan ya yi yawa yakan jefa mutum cikin farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya san haka ba zai ce auna direban da ke jan lita dubbai na fetur cin mutunci ne kawai ba.

Shi wannan matsayi na likita mai duba sakamakon awo, a Amurka aka yanka masa cibi. A ranar 4 ga Janairun 1987 jiragen ƙasa suka yi karo a wani wuri da ake kira Chase a jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, daga baya kuma ta tabbata matuƙin ɗaya jirgin ya sha tabar wiwi kafin haɗarin. A 1988 gwamnatin ƙasar ta fitar da ƙa'idojin auna ma'aikatanta, a 1991 majalisa ta wajabta awon a kan matuƙan jirage da manyan motoci. Abin lura shi ne masu tsara ƙa'idojin ba su yarda takarda ta tashi daga ɗakin awo ta faɗa hannun maigidan aiki kai tsaye ba. Sun sa likita a tsakani, suka ɗora masa ya kira ma'aikacin, ya saurare shi, ya duba ko akwai halataccen dalili na rashin lafiya da zai bayyana abin da aka gani. Suka kuma ce a raba fitsarin kwalba biyu, a rufe ta biyun da hatimi, ma'aikaci yana da sa'o'i 72 na neman a kai ta wani ɗakin awo dabam. Mutanen da suka fi kowa dogara da na'ura su ne suka fara shaida cewa na'ura ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

Dalilin yana cikin yadda awon yake aiki. Matakin farko, wanda sau da yawa ɗan tsinke ne da ake tsomawa cikin fitsari, kama yake ganewa. An horar da shi ya cafke duk sinadarin da siffarsa ta yi kusa da ta abin da ake nema, kamar mai gadin da aka ce masa ya tare duk mai jar hula. Efavirenz, maganin da aka daɗe ana bai wa masu ɗauke da cutar sida a faɗin Afirka, an san yakan sa wasu tsinkayen su nuna tabar wiwi. Rifampicin na masu tarin fuka, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofloxacin, sukan fito a matsayin dangin ofiyom. Mai ciwon sukari kuma, idan aka bar kwalbarsa a zafi irin na Damagaram, sukarin da ke cikin fitsarin yana iya tsimuwa ya koma giya a cikin kwalbar, ta yi masa shaidar abin da bai taɓa kai wa bakinsa ba. Saboda haka ne ake buƙatar mataki na biyu, inda wata babbar na'ura ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta tantance kowane da nauyinsa. Ko a nan ma akwai layin iyaka da mutane suka shata da hannunsu. A tsarin Amurka, tabar wiwi sai ta kai nanogiram 50 a kowane mililita a awon farko, 15 a na biyu, kafin a kira ta positif. Iyakar dangin ofiyom kuwa an ɗaga ta daga 300 zuwa 2,000 a 1998, bayan da aka ga mutane suna faɗawa tarko saboda cin burodin da aka barbaɗa wa ƴaƴan furen ofiyom, yadda ake barbaɗa riɗi. Wanda jiya mai laifi ne, da wannan gyara ya wayi gari wankakke, fitsarinsa kuwa bai canja ba.

Almajirin da ya kai Suratu Yusuf ya riga ya san wannan darasi. Jinin da ƴan'uwa suka kawo a jikin riga jini ne na haƙiƙa, da za a auna shi da kowace na'ura za ta amsa cewa jini ne, ƙaryar tana cikin labarin da aka jingina masa. Malaman tafsiri sun ce Annabi Yakubu ya lura rigar ba ta yage ba, ya yi mamakin kerkecin da ya ci yaro ya bar tufarsa lafiya. Masu ilimin zamani ma ba su tsira daga irin wannan ba. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun sami tramol a cikin saiwar tafashiya a Kamaru, aka yi ta murna cewa itace na haifar da maganin da aka ɗauka sai masana'anta. Shekara ɗaya bayan haka wasu masu bincike daga Jamus suka nuna cewa a arewacin Kamaru manoma suna sha suna kuma ɗura wa shanun huɗa tramol, fitsarinsu ya jiƙa ƙasa, saiwa ta tsotsa. Awon farko bai yi kuskure ba, tramol ɗin yana nan. Fassarar ce ta kauce.

To, a ce awo na biyu ya tabbatar da tramol a fitsarin direban nan. A nan ne littafin ƙa'idar da aka rubuta a wata ƙasa yake fara ɗingishi a ƙasar Damagaram. Ƙa'idar ta ce likita ya nemi takardar magani: in akwai ordonans da sunan ma'aikacin, an wanke shi, in babu, an kama shi. Wannan ma'auni yana da ma'ana a inda kowane ciwo ke bi ta ofishin likita. Amma a garin da mai ciwon haƙori ke tsayar da yaro mai tiren magani a bakin kasuwar Dole, inda mai amosanin jini, wanda ake ce wa sikila, ya san ciwon ƙashinsa ba ya jiran layin asibiti, takarda ba ta raba mara lafiya da ɗan ƙwaya. Mai hali da mara hali take rabawa. Babban ma'aikaci da ke da abokin likita zai kawo takarda kafin azahar ko da jaraba ce ke cin sa, direban da ya sayi ƙwaya biyu a Tanut saboda bayansa ya riƙe ba shi da abin nunawa sai bayan nasa. Likitan da ya tsaya ga takarda kaɗai ya sauƙaƙa wa kansa aiki, ya kuma mayar da talauci laifi. Wanda ya ce duk abin da direba ya faɗa ya karɓa, shi ma ya sauƙaƙa wa kansa, ta ɗaya ƙofar. Abin da ya rage masa shi ne aikin da aka koya masa tun farko: ya tambayi tarihin ciwon, ya taɓa inda ake kuka da shi, ya duba ko akwai alamun jikin da ya saba da ƙwaya har ba ya iya kwana ba tare da ita ba, ya kuma tuna cewa adadin da ke cikin fitsari ba ya faɗin ƙwaya nawa aka sha, ko yaushe, ko mutum yana cikin hayyacinsa a ranar. Tabar wiwi ma takan bar sawunta makonni a jikin wanda ya saba da ita, bayan mayen ya daɗe da gushewa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da kokawa da tambaya mai kama da wannan, kuma alƙalan ƙasar Hausa da suka yi karatun Tuhfa ta Ibn Asim da Tabsira ta Ibn Farhun sun san babin hukunci da alamu. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta Damagaram, ta karɓi warin giya a bakin mutum a matsayin hujja idan adilai biyu suka shaida, yayin da Abu Hanifa da Shafi'i suka ƙi tsayar da haddi a kan wari kaɗai, suna ganin wataƙila an tilasta masa, ko ya sha bisa kuskure, ko wani abu ne mai kama da giya. Amma ko a cikin Muwaɗɗa, inda aka kawo labarin Sayyidina Umar ya ji warin abin sha a jikin wani, ba a nan take ya sa bulala ba. Ya ji abin da mutumin ya ce ya sha, ya tafi ya bincika ko yana sa maye, sai da ya tabbatar sannan ya zartar. Tsakanin hanci da bulala an sami tambaya da jira. Gaba ɗayan malaman kuma sun haɗu a kan cewa shubuha tana kawar da haddi.

Sai dai wanda ya ɗauko wannan ƙa'ida ya ce to likita ya bar direba ya hau mota tunda akwai shakka, ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Hukunci biyu ne a gaban likitan, kuma shakka ba gefe ɗaya take faɗawa a cikinsu ba. Na farko shi ne ko za a kira mutumin nan mashayi, a rubuta masa abin da zai bi shi duk inda ya nemi aiki. A nan shakka tasa ce, ba a ɗora masa suna sai da yaƙini. Na biyu shi ne ko za a miƙa masa makulli yau ya bi hanyar Magariya ko ta Matamaye, inda mata ke tafe a gefen kwalta da tallan nono, ƴan makaranta suna tsallakawa. A nan shakka ta waɗancan ce, su da ba a gayyace su ofishin likita ba, ba su kuma san ana maganarsu ba. Idan aka yi zargin wani abu ya faɗa rijiya, ba a dukan kowa kafin a tabbatar, amma kuma ba a ɗiba a sha. Yawancin zaluncin da ake yi a wannan fage daga cakuɗa hukuncin biyu yake tasowa: maigidan aiki ya ga dalilin tsayar da mota ya mayar da shi dalilin kora, ko likita mai taushin zuciya ya ga rashin dalilin kora ya mayar da shi izinin tuƙi.

Akwai mai cewa wannan rarrabewa ta masu albashi ce. Direban da ake biya a kan kowace tafiya, in an ce ya sauka na kwana goma ba tare da an kira shi mai laifi ba, tukunyar gidansa ba ta san bambancin ba. Maganar gaskiya ce, kuma ba ta da amsa mai daɗi. Iyakar abin da za a ce shi ne nauyin jiran bai kamata ya sauka a kan mutum ɗaya ba, tunda domin amfanin kowa aka tsayar da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a ƙa'idojin da ta wallafa a 1996 game da giya da ƙwaya a wurin aiki, ta nemi a ɗauki matsalar a matsayin ta lafiya, a bi da ita kamar sauran cututtuka, a kuma tsare sirrin ma'aikaci. Likitan da ya ce a sauke direba yana da bakin cewa a ba shi wani aiki a gareji kafin sakamako ya fito. Yana kuma da bakin tambayar da ba a so: sa'a nawa mutumin nan yake yi a kan sitiyari kafin ya kwanta? Kamfanin da ya tsara tafiyar da jikin ɗan Adam ba ya iya ɗauka sai da taimakon ƙwaya, sannan ya zo yana auna fitsari, ya yi kama da wanda ya ɗaure akuya kusa da dawa ya koma gefe da sanda.

Sannan ga abin da likitan zai faɗa, da wanda zai haɗiye. A ce bayanin direban shi ne yana shan efavirenz. Kafin ya wanke kansa daga zargin wiwi sai ya buɗe sirrin da wataƙila ko ɗan'uwansa na jini bai sani ba, a garin da labari ke tashi daga Sabon Gari ya riga mai shi isa Garin Malam. Tsarin likitancin ma'aikata da Nijar ta gada daga Faransa, wanda asalinsa dokar 11 ga Oktoban 1946 ce, yana da hikima a nan: likita yana gaya wa maigidan aiki ko mutum ya dace da aikin ko bai dace ba, sunan cuta da na magani kuwa suna zama a aljihun tebur ɗinsa. Aikin ya yi kama da na tafinta, mutanen Damagaram kuwa sun san nauyin tafinta. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye suka kai shi Kodebuwa, zargin da ya isa kunnen kwamanda ta bakin masu kai rahoto da masu juya magana, sarauta kuma ba ta dawo mazauninta ba sai 1923. Wanda ke tsaye tsakanin mai iko da mara iko, shi kaɗai yake jin harsunan biyu, ƙara kalma ɗaya ko rage ta a hannunsa take. Bambancin likita da tafinta shi ne an ɗora masa ya fassara gaskiya ba tare da ya fassara dukkanta ba. Shugaban ma'aikata zai matsa, ya ce tsakaninmu ne, me aka gani? Kawun direba kuma zai zo gida bayan magariba da goro, ya tuno masa zumuncin kakanni. Na farko yana neman ya faɗi abin da ba hakkinsa ba ne ya ji, na biyu yana neman ya rubuta abin da bai gani ba, kuma a garin da kowa surukin wani ne, ƙin na biyun ya fi ciwo.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne takardar da ta fito da négatif ma tana buƙatar mai karatu. Jerin ƙwayoyi biyar da aka saba nema a tsarin Amurka an tsara shi ne domin abin da Amurkawa ke sha, kuma tsinken da ke neman dangin ofiyom ba ya ganin tramol sai an sa nasa na musamman. Bayan da Indiya ta tsaurara dokar tramol a 2018, wata ƙwaya mai suna tapentadol, sau da yawa a haɗe da carisoprodol, ta shigo kasuwannin yankin, ita ma tsinken da ba a yi domin ta ba ba zai gan ta ba. Ana iya kama mai shan maganin tarin fuka, a sallami wanda ya haɗiyi 225 da shayin safe. Giya ce kaɗai awonta ke kusa da tambayar da ake son amsawa, domin na'urar da ake busawa halin da mutum ke ciki a wannan sa'a take nunawa, shi ya sa a can ma ba a bi da ita ta hannun likita mai dubawa.

Likitan ya kira direban ciki, ya rufe ƙofa. Sun yi rabin sa'a. Mutumin ya ce ƙugunsa ne, tun wata tafiya Agadas, kuma ƙwaya ɗaya yake sha in zai yi nisa, wani lokaci biyu, daga wurin wani yaro a tasha, launin fakitin ya sani, lambar da ke jiki bai taɓa dubawa ba. Likitan ya danna ƙugun, mutumin ya cije leɓe. Ya rubuta masa hoton ƙashi da wani magani da ba ya taɓa hankali, ya ce ya dawo bayan mako biyu a sake awo. A takardar da za ta tafi ofis ya rubuta layi ɗaya: bai dace da tuƙi ba na ɗan lokaci, ya dace da aikin da ba na tuƙi ba. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, lambar shugaban ma'aikata ce. Direban ya fito ya tarar an riga an ba wani makullin, tankar tana fita daga ƙofa, yaran mota biyu da ke zaune a inuwar bedi suka bi shi da kallo, ɗayansu ya tambaye shi ko lafiya.